Mota Mai Kujera Biyu

Malama tana durƙushe tana danna akwati da gwiwa don zif ya rufu, sai mijinta ya shigo ɗaki yana sosa ƙeya. Shekara huɗu da aurensu, ta haddace wannan sosa ƙeyar. Daga wajen mahaifiyarsa Hajiya yake, kuma an ɗoro masa saƙon da ya yi wa bakinsa nauyi.

"Faɗi kawai, maigida," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Me aka ƙara mana?"

"Ba wani abu ba ne fa. Hajiya ce ta ce tunda ƙasar da Yaya yake za mu je, mu biya mu gaishe shi. Kwana ɗaya tak."

"To ai zumunci ne. Shi ne kake ta kame-kame?"

Ya yi dariyar samun sauƙi. Shi ne autan gidansu, kuma har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu Auta ake kiransa. A kantin magani yake aiki, mutum ne mai taushin zuciya, yana son matarsa kamar ransa. Aibinsa ɗaya ne: tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa iya ce wa na gaba da shi a'a ba.

Ita kuwa Malama tuƙi take koya wa mata. Shekara tara tana zaune gefen masu taka totur a maimakon birki, kuma ko ƙwarzane ba a taɓa samu a motar makarantarsu ba. Lokacin bikinsu babu halin zuwa hanimun, wato yawon amarci, sai Auta ya yi mata alkawarin wata rana. Ba otal mai tsada ta nema ba, ba kantuna ba. Burinta ta yi hayar mota irin ta tsere a ƙasar waje, ta yi mako guda tana bin hanyar da ke ratsa duwatsu ta gangara bakin teku, mijinta a gefenta. Sai bana Allah ya nufa.

Takardar kamfanin hayar shafi goma sha ɗaya ce, kuma ta karance ta tas. Sharaɗi mafi girma a ciki shi ne ba mai tuƙa motar sai wanda sunansa ke rubuce, kuma sai lasinsa ya kai shekara biyar. Na Auta shekararsa biyu, ita ma ta koya masa. Don haka sunanta kaɗai aka sa.

Da suka je sallama, Hajiya ta taɓe baki. "Oh, zamani. Mace ta ɗauki mijinta a ƙasar mutane, yana zaune a gefe kamar kaya." Malama ta sunkuyar da kai ta haɗiye maganar, don ba yau ta fara jin irinta ba.

Da suka sauka a ƙasar, wata dattijuwa mai tabarau ce ta karɓe su a ofishin hayar. Ta duba fasfo da lasin, ta tsare kuɗin ajiya, sannan ta kai su wajen motar. Ruwan ɗorawa ce, doguwar gaba, kujera biyu rak, cikinta ya kusa shafar ƙasa. But ɗinta ko akwatinsu bai ɗauka ba, sai da suka bar shi a otal suka ɗebi kaya a ƙaramar jaka. Dattijuwar ta nuna wa Malama wani maɓalli kusa da giya. Duk inda ta ga tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, ta tsaya ta danna shi, hancin motar zai ɗaga, sannan ta hau a karkace a hankali.

Kwana biyun farko sun yi daɗin da ba ya faɗuwa. Malama tana shan kwana a kan dutse, injin yana gurnani a bayansu, Auta ya riƙe kujera da hannu biyu yana cewa, "Malama, fulis, don Allah ki tuna ni maraya ne," ita kuma tana dariya har da hawaye. A wani wurin tsayawa ya saya mata shayi a kofin takarda, ya zuba mata ido ya ce bai taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar ba.

Rana ta uku da hantsi suka isa gidan Yaya.

Yaya shi ne babban wan Auta, shekararsa ashirin a ƙasar, kuma ba a minti biyar da shi bai tuna wa mutum hakan ba. Ko gaisawa ba a gama ba ya shiga zagaya motar yana shafa ta.

"Direba, kawo makullin in ɗana."

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Malama cikin ladabi. "Sunana kaɗai ke takarda. In wani ya tuƙa wani abu ya faru, inshora ba ruwansu."

"Ni za ki koya wa dokar ƙasar nan? Ina tuƙi a nan tun kina firamare."

"Na sani, Yaya. Amana ce na sa wa hannu."

Ya yi dariya ya kalli ƙanensa. Auta ya kalli takalminsa. Malama ta ɗauka magana ta mutu, ta ajiye jakarta a kujerar falo ta bi matar Yaya kicin don ta kama mata aiki. Tana cikin yanka albasa ta ji gurnanin da ta sani. Ta fito da gudu, wuƙa a hannu. Jakarta na buɗe. Daga bakin ƙofa ta hango bayan motar yana shan kwana, Yaya a kan sitiyari, mijinta a kujerar gefe. Motar da ta shekara huɗu tana jira, wurin mutum biyu ne a cikinta, kuma an bar ta tsaye a tabarmar goge ƙafa.

Ba a yi rabin awa ba suka dawo, kuma tun daga nesa ake jin ƙarar abu yana jan ƙasa. Bamba ya tsage biyu, gefe ɗaya yana reto. Yaya ya hau tudun rage gudu ne yadda ya saba hawa da doguwar motarsa ta ɗaukar iyali.

Wani zai zaci ya fito da kunya. Ina! Da faɗa ya fito.

"Wannan ai ba mota ba ce. Wane mai hankali zai ƙera mota a ƙasa haka?"

Aka shiga falo. Yaya ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa kamar shi aka yi wa laifi.

"Abin mai sauƙi ne. Gobe ki je ki ce ke ce kike tuƙi, inshora su biya, kowa ya huta. Kuma ke mace ce, ba wanda zai yi mamaki."

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Shekara tara tana tsare mutuncin hannunta, don kada a ce ai mace ce. Yau ga wanda ya fasa mota da hannunsa yana neman aron wannan kalmar ya rufe ɓarnarsa.

"Yaya, ba ni na tuƙa ba."

"Wa ya ce ke kika tuƙa? Cewa na yi ki faɗa."

"Ba zan iya ba."

Nan take ya danna wa Hajiya kiran bidiyo, ya ba ta labari yadda ya ga dama, ya juya wayar ga Malama. Fuskar Hajiya ta cika gilashin.

"Ke 'yar nan, ashe haka zuciyarki take? Wan mijinki ne fa, uba ne a wurinku. Kalma ɗaya za ki faɗa ki rufa masa asiri, shi ne kike noƙewa? Da ma wa ya aike ku ɗauko motar 'yan gayu? In kin zaɓi takardar kamfani a kan dangin mijinki, to ki sani na ji, kuma ba na mantuwa. Auta, kana ina? Yi wa matarka magana."

Auta ya juyo gare ta. "Malama... ko za ki duba?" Iyakar abin da ya iya fitarwa ke nan.

Ta tashi ta shige ɗakin baƙi. Can ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ba motar ce ta fi ƙona mata rai ba, ba ma maganar Hajiya ba. Hannun da ya buɗe jakarta shi ne hannun da ya miƙa mata shayi jiya.

Bayan la'asar ya shigo ya tsaya a jikin ƙofa.

"Sori, Malama. Wallahi ce min ya yi zagaye ɗaya kawai. Yaya ne fa, ta yaya zan hana shi?"

"Ni ta yaya ka iya hana ni?" ta ce, muryarta a dishe. "Na ce a'a a gabanka, ka jira na juya baya ka shiga jakata. Shekara huɗu ina haƙuri da duk abin da aka faɗa min a gidanku, ban taɓa sa ka zaɓa tsakanina da su ba. Yau ma ba zan sa ka ba. Amma ka ji da kyau: gobe ba zan yi ƙarya ba, kuma ba zan ambaci sunan Yaya ba, don ba ni zan tona asirin gidanku ba. Za a tambaya, zan yi shiru. Kai ka ɗauki makullin, kai za ka amsa."

"In na faɗi gaskiya Hajiya ba za ta yafe min ba."

"In ka bar ni na ɗauki laifin nan, ni zan yafe maka. Amma ba zan ƙara ajiye komai nawa a inda hannunka zai kai ba."

Ya juya ya fita.

Washegari motar ɗaukar mota ta kai motar hayar ofishin, su uku suka bi a motar Yaya. Duk hanya Yaya yana bita wa Malama abin da za ta ce, ita kuwa tana kallon taga. Dattijuwa mai tabarau ta zagaya motar, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta dawo bayan kantar ofishin ta jawo takarda.

"Wa ke tuƙi lokacin da abin ya faru?"

Malama ta haɗe hannuwanta a kan kantar ta yi shiru. Yaya ya yi gyaran murya, ya zungure ta da ido. Dattijuwar ta maimaita tambayar, biro a hannu.

"Ba ita ba ce."

Muryar Auta ce.

"Ta hana. Ni na ɗauki makullin a jakarta ba da saninta ba, na ba yayana. Shi ya tuƙa. Laifina ne."

"Auta, kana da hankali kuwa?" in ji Yaya ƙasa-ƙasa.

"Yau na samu, Yaya."

Dattijuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau, sannan ta juyo musu da fuskar kwamfutarta. Ga Yaya nan ɓaro-ɓaro a kan sitiyari, hannu ɗaya yana ɗaukar kansa hoto. Motar tana da kyamara a ciki. Ta ce da sun rubuta ƙarya sun sa hannu, da maganar ta tashi daga gyaran bamba ta koma wajen 'yan sanda, kuma sunan da ke takarda shi za a fara nema. Yaya ya nemi kujera ya zauna.

Kuɗin ajiyarsu ya tafi, hayar ta mutu da saura kwana huɗu. Dattijuwar ta rubuta a fayil cewa direbar ba ta da laifi, ta ce duk ranar da ta dawo za su ba ta mota.

A bakin ofishin wayar Auta ta yi ƙara. Hajiya ce. Ya kalli wayar, ya kalli matarsa, ya ɗauka a gabanta.

"Hajiya, ki gafarce ni, na faɗi gaskiya. Da Malama ta bi maganarmu, da yanzu tana hannun hukuma a ƙasar da ba ta san kowa ba, kan laifin da ni da Yaya muka yi. Ki yi min faɗa yadda kike so, ni ɗanki ne. Amma ita, don Allah, a daina."

Can Hajiya ta ce, "Ba ni ita."

Malama ta karɓi wayar.

"'Yar nan," in ji Hajiya, muryarta ta sauka, "Allah ya yi miki albarka. Ku dawo lafiya."

A shekara huɗu wannan ne karo na farko da ta ji wannan addu'ar daga bakin surukarta. Ta tsaya a gefen titin ƙasar mutane tana kuka, mijinta yana share mata hawaye da hannun rigarsa.

Ta rasa kwana huɗu na burinta, ta samu mijin da zai tsaya mata. Girmama na gaba wajibi ne, amma ba ya halatta a miƙa masa amanar wani. Haƙuri kuma ba ya nufin mutum ya ɗauki ƙarya ya aza a kansa don a zauna lafiya. Malama ta yi haƙuri da mutane, ta ƙi yin haƙuri da ƙarya, kuma Allah bai bar ta ta ji kunya ba.