Lalle a Kan Allura

Tun kafin ta gama kwance tsumman, wari ya doki hancin Safara'u.

Shekara uku tana aikin nas a wannan ƙaramin asibiti na Gyaɗi-Gyaɗi, babu irin gyambon da ba ta wanke ba, amma yau sai da ta kau da kai. Hannun Hajiya Indo ne, mahaifiyar Sanusi, wanda saura kwana goma sha biyu a ɗaura musu aure shi da Safara'u. Shekaranjiya ita da kanta ta sa mata allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, ta goge wurin da sifirit, ta manna filasta fes. Jiya ta yi hutu. Yau ga hannun an lafta masa lalle har kan allurar, an naɗe da ganye da tsumma, ya kumbura suntum, mugunya na tsattsafowa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya yi wannan ƙazantar?"

Huraira ta taɓe baki. 'Yar ƙanwar Hajiya ce, kuma duk Tarauni an san ita aka so Sanusi ya aura.

"Lallen ne ƙazanta? Uwar ango ce fa! So kike ta shiga biki da farin hannu kamar mai takaba? Kuma lalle na sanyaya zazzaɓi, kowa ya sani."

"Allurar nan a cikin jijiya take! Duk dattin da ya taɓa bakinta, jini zai shiga kai tsaye..."

Hajiya na kwance tana rawar ɗari, jiki zau, amma bakin bai mutu ba.

"Ke yarinya... sassauta murya. Ba a kawo ki gidana ba tukuna."

Safara'u ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zare allurar, ta kankare lallen, ta wanke wurin, ta ɗauko sabuwa ta sa a ɗaya hannun. Kafin ta gama, Huraira ta riga ta isa ofishin Sista Asabe, shugabar nas-nas, tana rantsuwa wai tun ranar da aka soka allurar hannun ke kumbura, su magani suka shafa.

A baranda Sanusi ya tare ta, fari tas cikin shadda, yana ƙamshin turare.

"Safara'una... hasken idona, tsaya mana."

"Kana nan aka sa lallen?"

Ya sosa ƙeya.

"Ni na sayo shi. A Vespa na kawo."

"Kai? Ba a nan wurin na ce maka ko ruwan alwala kada ya taɓa filastar ba?"

"Kin faɗa. To amma Hajiya ta ce tana so, ni wa zan musa wa? Yanzu dai taimaka mini za ki yi, zumata. Ki ce wa Sista ke kika manta ba ki goge wurin ba. Faɗa kawai za a yi miki. In aka ce daga danginmu ne, Hajiya ba za ta ƙara kallonki ba, kin ga auren..."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan bakin ne ya yi shekara biyu yana zuba mata kalamai a zaure har tana kasa cin tuwo. Akawu ne, ya yi boko, ya san abin da ta faɗa masa gaskiya ne, ya zauna yana kallo ana cusa wa uwarsa cuta don kada a ce masa mara kunya. Wata ƙyama ta taso mata, wadda ta fi ta mugunyar nan.

"Matsa in wuce."

"Safara'u!"

"Na ce ka matsa!"

Gaskiya ta faɗa wa Sista, ba ƙari ba ragi. Aka hana 'yan dubiya taɓa majinyaciya, Huraira ta fice tana zage-zage. Cutar kuwa ta riga ta shiga jini. Kwana tara ana fama, allura duk bayan awa shida, Safara'u ce ke duba hannun safe da yamma, ta sauya filasta, ta juya tsohuwar, ta kwashe amanta. Ranar da aka sallami Hajiya, a ranar gwaggon Safara'u ta mayar da kayan lefe Tarauni.

Bayan mako guda, da hantsi, sai ga Hajiya Indo da kanta a tsakar gidansu, ta rame, tana dogara sanda. Sanusi ya maƙale a zaure.

Safara'u ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"'Yata," in ji Hajiya, "likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da tuni an yi sadakar bakwai ɗina. Na ci mutuncinki, kin wanke ni da hannunki. Ki yafe mana, a mayar da kayan nan."

Hawaye ya zubo wa Safara'u, don har yanzu son bai gama fita ba, kuma ta ji haushin kanta a kan haka.

"Hajiya, ke na yafe miki duniya da lahira. Ba ki sani ba."

Ta ɗaga murya yadda za a ji ta har zaure.

"Shi ya sani."