Shekarar da Aka Ba Masu Shayarwa Hatsin Dawaki

A zamanin sarkin nan da ya hau gadon mulki da ƙuruciyarsa, wanda talakawa ke kira Dogo, abokan gaba suka kewaye birni ana gab da girbi. Suka ƙone gonaki, suka tare hanyar fatake. Aka rufe ƙofofi, Sarki ya damƙa rumbunan fada a hannun Madawaki, shugaban mayaƙan doki. Shi kuwa ya raba hatsi yadda yaƙi ya koya masa: mayaƙa tukuna, sannan dawaki, sauran jama'a su sami abin da ya rage. Mata aka sa su jidar ƙasa ana toshe inda ganuwa ta tsage, har da masu ciki.

Sarki yana da gwaggo, yayar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wata safiya aka kawo mata matar wani maƙeri mai tsohon ciki, ta faɗi da kwandon ƙasa a ka, jini na zuba. Gwaggo da ungozomomi suka yi iya ƙoƙarinsu. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Da tsohuwar ta zaga unguwanni, sai ta tarar uwaye sun tsorata cewa yunwa ta ƙafar musu da nono, suna ɗura wa jarirai ruwan kududdufi, gudawa tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta dogara sandarta ta shiga fada ana tsakar shawara. Dogarai suka ba ta hanya.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "hatsin dawaki na zo roƙo, domin masu ciki da masu shayarwa."

Madawaki ya gyara zama. "Gwaggo, in dawaki suka rame, da me za mu kori mutanen can? Da ludayi?"

"In kun kore su, wa za ku bar wa garin? Jiya na wanke jariran da ko zama ba su fara ba, aka kai su makwanci."

Sarki ya ce, "Gwaggo, in na ba ki, ba ni da ƙarfin fita in kare garuruwan da ke mana biyayya."

"Na sani, ɗana. Ban ce maka babu asara ba."

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce a ba ta.

Aka kwashe su mashi da garkuwa daga babban zauren makamai, aka share, aka shimfiɗa wa masu ciki da masu shayarwa tabarmi. Gwaggo ta hana kowace mai ciki ɗaukar kaya mai nauyi. Ta ce su ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, su sha tafasasshen ruwa, in za su kwanta su kwanta ta gefe. Wadda ta ga jini ko ƙafafunta suka kumbura, kada ta ɓoye don kunya. Ga masu jarirai kuwa maganarta ɗaya ce: "Ke ki ci, ki sha, shi kuma ki sa shi a nono ko da kina ganin babu komai. Tsotson ne ke kiran ruwan. Kada a ba shi ko ɗigon wani abu."

Da ta lura rashin barci yana neman kayar da su, sai ta aika wa mazajensu cewa duk wanda ya sauko daga ganuwa da rana ya zo ya karɓi ɗansa, uwar ta runtsa. Aka ga barade masu sajen da ke firgita maza suna jijjiga jarirai a inuwa. Wani babban jarumi ya kawo ƙara cewa 'yarsa ta yi masa tumbuɗi a sulke. Gwaggo ta ce, "Yau dai ka gamu da wadda ba ta tsoronka." Madawaki da kansa sai da ya yi dariya, kuma daga ranar shi yake tsayawa a auna wa zauren hatsi.

Nono ya dawo, gudawa ta ja da baya. Da ciwo ya shiga sansanin abokan gaba suka tattara suka tafi, amma dawakin birni ba su iya bin sawunsu ba. Garuruwa da yawa suka fita daga hannun Sarki, bai sake mallakarsu ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Masu ba da tarihi sun ce ƙasarsa ta ƙanƙance a zamaninsa, kuma gaskiya suka faɗa. Mulki na Allah ne, yana faɗaɗa shi yana taƙaita shi yadda ya so. Sai dai ranar jana'izar wannan sarki, samarin da suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararsa tsara ɗaya ne, dukansu haihuwar shekarar da aka rufe ƙofofi.