Kalkuletar da Ke Kan Teburin Mai Sito

Saura kwana uku a fara jarrabawar ƙarshe shugaban makarantar ya shigo ofishin 'yan sanda da kwali a hannu, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya shaida wa Sufeto cewa an sayo wa ɗalibai kalkuleta arba'in masu kyau, amma wani ya kwashe su ya zuba jabu a cikin kwalin. A jarrabawar gwaji yara suka yi ta samun amsoshi barkatai.

Ya ce ba ya zargin kowa sai malamar lissafi, don makullin kabad ɗin da aka ajiye kwalin yana hannunta. Har ma ya rubuta takardar dakatar da ita.

Sufeto ya ce ya bar takardar a aljihu tukuna. Shi kansa tun yana makaranta ba su shiri da lissafi, amma ya iya gane mutumin da ya yanke hukunci kafin ya yi tambaya.

Da Sufeto ya je makarantar, ya tarar da malamar ita kaɗai a aji, idanunta sun yi ja.

"Yaushe kwalin ya zo hannunki?"

"Ran Litinin, Yallaɓai. A liƙe."

"Wa ya gano ba na gaske ba ne?"

"Ni. Ni na kai wa shugaba ƙara da bakina."

Takardar da ta zo da kayan kuwa ta nuna ran Alhamis aka kawo su. Ke nan kwalin ya yi kwana huɗu a sito.

Mai kula da sito mutum ne mai fara'a, har kujera ya share wa Sufeto da hularsa. Ya rantse bai taɓa kwalin ba, yadda aka kawo shi haka ya miƙa. Yana magana Sufeto yana kallon teburinsa: rajista, kofin shayi, da wata kalkuleta mai ƙarce-ƙarce, an naɗe bayanta da baƙin salatif. Jikinta ya tsufa, amma lambobin maɓallanta raɗau suke.

Daga nan Sufeto ya nufi kasuwa, wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da agogo wanda kowa ke kira Likita. Ya ajiye masa guda biyu daga kwalin.

"Baba, ta yaya ake gane ta gaske ba tare da an kwance ta ba?"

Dattijon ya yi dariya, ya ce ai tambayarta ake yi, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Ya jawo tasa daga aljihun tebur, ya danne maɓallai biyu da yatsu, ya kunna ta da na uku. Fuskar ta cika da baƙi gaba ɗaya, don a ga ko akwai ɗigon da ya mutu. Sai wasu haruffa da lambobi suka fito, shaidar rukunin da aka ƙera ta a ciki. Sannan ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa, har ta nuna komai lafiya.

Da ya gwada na kwalin, ɗaya ko motsi ba ta yi ba, ɗayar kuma ta cika rabin fuska ta tsaya cak.

Sufeto ya ciro takardar kayan. A ƙasa, da ƙananan haruffa, akwai irin wannan shaida ta rukuni. Ya sa dattijon ya maimaita masa dannawar sau uku, har ya iya.

Da la'asar ya tara su a sito, shugaba da malama da mai sito. Ya ce yana son aron kalkuletar da ke kan tebur.

"Wannan tsohuwar, Yallaɓai? Shekararta biyar a hannuna."

"Biyar?"

"Ko ma shida."

Sufeto ya danne maɓallai biyun ya kunna. Fuska ta cika, shaidar ta fito. Ya ajiye ta kusa da takardar, ya ce malama ta karanta duka biyun da ƙarfi. Ta karanta. Harafi ɗaya bai bambanta ba.

"Wannan rukunin bana aka ƙera shi," in ji Sufeto. Ya ɓare salatif ɗin da farce. Tambarin makarantar na nan a ƙasa, sabo fil.

Mai sito ya zauna a kan wani buhu. Ya ce ran Asabar ya yi musanyar, ya sake liƙe kwalin. Talatin da tara suna shagon surukinsa, ba a sayar da ko ɗaya ba, ana jiran ƙura ta lafa. Wannan ɗayar ce ta ba shi sha'awa, ya goge ta da yashi don ta yi kama da tsohuwa.

"Ban yi nufin abin ya faɗa kan Malama ba," ya ce.

"Amma da ya faɗa, ka yi shiru," in ji Sufeto.

Kafin a tashi daga aiki an dawo da sauran. Shugaba ya yi ta kame-kame yana neman kalmar ban haƙuri, malama ta ce ya bar shi, yara ke gabanta yanzu. Ta jera kalkuletocin a kan benci, ta roƙi Sufeto ya nuna mata dannawar, don tana so ta gwada kowace da hannunta kafin ta ba ɗalibi.

Ya nuna mata, sannan ya riƙo hannun mai sito suka nufi mota. Suna tsallake ƙofa ya jiyo malama a bayansa tana ce wa shugaba, "Ta ɗaya, lafiya. Miƙo ta biyu."