Babur ɗin Baba Ba Ya Tashi Shi Kaɗai

Ranar da Auta ta fara ganin bakaniken, goshinsa duk baƙin mai ne, kuma ko kallonta bai yi ba. Babur ɗin da ta sa aka sauke daga motar kaya a ƙofar garejinsa ya zuba wa ido, baki buɗe.

"Wannan ɗan Italiya ne," in ji shi, yana shafa tankin. "Kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. A ina kika samo shi?"

"Na Babana ne. Ni ma ga ni a tsaye, in ka gama gaisawa da shi."

Sai a lokacin ya ɗago, kunya ta kama shi, ya goge fuska da hannu ya ƙara damalmala ta. Auta ta so ta ɓata rai, dariya ta ƙwace mata.

Tun rasuwar Mama, Baba ya lulluɓe babur ɗin da tamfol a ɗakin ajiya, shi ma ya zama kamar an lulluɓe shi. Shi ya sa da ya yi tafiya wajen ƙanensa, Auta ta fito da babur ɗin a ɓoye, don ya dawo ya tarar da shi yana aiki.

Kullum in ta tashi daga kantin maganin da take aiki sai ta biya garejin, wai duba aiki. Aikin kuwa ba ya gaba, hira ce ke gaba. Ta raɗa masa Baƙin Mai, shi kuma yana kiranta Tartsatsi saboda saurin hawanta.

Baba ya dawo tun kafin a zace shi. Ya ɗaga tamfol ya ga wayam, ya tasa Auta gaba har gareji. Ya tarar da injin a wargaje, fistan a wannan kwano, kafireta a wancan, kusoshi cikin gwangwanin madara. Ya juya ya koma gida.

Saboda haka da manyan Baƙin Mai suka zo neman aure, amsar a shirye take.

"Wanda ya zuba mini babur a kwanonin wanki, shi zan ba 'yata? Ya dawo mini da shi yana kuka da kansa, sannan mu yi magana."

Daga nan takaici ya fara. Ringin fistan ya karye, babu irinsa a duk kasuwar kayan gyara. Duk mai shagon da ya ga samfurin sai ya tambaya ko na injin niƙa ne. Da ƙyar mai fiƙe ƙarfe ya rage wani ya zauna daidai. Gasket kuwa, takardar da ke hana inji yoyo, Baƙin Mai da almakashi ya yanka shi, ya lalata takarda ta fi a ƙirga. Wani noti ya kusa haukata shi, yana ta ƙoƙarin kwancewa ashe ƙara ɗaure shi yake, don zarensa na hagu ne.

Ga kuma ɗan abokin Baba, mai shagon sababbin babura, ya maida gidan su Auta wurin zuwa. Yana zuwa da ƙamshin turare da shawara guda: a sayar wa masu gwangwan da tsohon, shi zai kawo wa Baba sabo. Auta in ta gan shi har kanta ke ciwo.

Da aka haɗa injin tsaf, Baƙin Mai ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa har ƙafarsa ta kumbura. Mai yana sauka, injin yana juyawa sumul, amma fulogi ya ƙi ba da wuta. Ya canza fulogi, ya sake naɗa wayar kwayil mai kai wa fulogi wuta, ya kwance injin gaba ɗaya ya sake haɗawa. Shiru dai.

Ana cikin haka Baƙin Mai ya hango Auta tana sauka daga motar mai shagon baburan, wanda Baba ya aika ya ɗauko ta daga aiki. Saƙon Baƙin Mai ya shigo wayarta kafin ta cire takalmi.

"Na ga motar da take tashi bugu ɗaya. Allah ya sanya alheri."

Ta rubuta masa: "Kai da ƙarfe ya gagara, ni za ka huce a kaina? Baba ne ya aiko shi."

"Na gaji, Tartsatsi. Babu abin da ban yi wa injin nan ba."

"To ka gaji da ni ke nan."

Ta kifa kai a gado ta yi kuka mai isarta, haushinsa da tausayinsa duk sun cakuɗe mata. Ta kira Yaya, babbar yayarta da ke aure a wani gari, ta zazzage mata komai.

Yaya ta yi dariya mai haɗe da hawaye. "Ke kina ƙarama ba za ki tuna ba. Baba kullum cewa yake babur ɗinsa ba ya tashi sai Mama ta zauna a baya. Zolaya ce, amma wallahi ban taɓa ganin ya tayar da shi ba tana ƙasa."

Auta ta miƙe zaune.

Da safe ta sami Baƙin Mai a gaban babur ɗin ya yi tagumi. Ba ta gaishe shi ba. Ta haye kujerar baya ta zauna a karkace yadda mata ke zama, ta bar hannunta ya sauka inda zai sauka. Can ƙarƙashin kujerar, a bayan ƙarfen riƙo, yatsanta ya taɓa wani ɗan makunni da ƙura ta rufe. Wayarsa ta bi ta cikin bututun jikin babur ɗin, inda mai gyaran inji ba zai taɓa leƙawa ba. Ta danna.

"Buga."

"Tartsatsi, don Allah..."

"Na ce ka buga!"

Bugu ɗaya, injin ya yi tari, ya kama ruri har kwanonin da ke ƙasa suna rawa. Baƙin Mai ya dafe kai, ya rasa dariya zai yi ko kuka.

Ya tuƙa shi a hankali zuwa gidan su Auta, ita tana biye a ƙafa. Kafin su iso Baba ya fito ƙofa ba takalmi. Ya daɗe yana kallon kujerar baya.

"Saboda ɓarayi na saka makunnin," ya ce da ƙyar. "Ita ke kunnawa in ta hau, ta kashe in ta sauka. Ranar da na kai ta asibiti ta kashe shi, ban iya cewa kowa ya taɓa ba."

"Baba, ka sani ka bar shi yana ta wahala?"

"Na sani. Ke kaɗai kika rage mini a gidan, Auta. Na ɗauka in bai tashi ba, ba za ki tafi ba."

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa suna kuka tare. Can Baba ya share ido ya dubi Baƙin Mai.

"Ɗana, injin ka gyara shi, na ji a kukansa. Ka turo manyanka."

Bayan an ɗaura aure, Baba ya miƙa wa ango makullin, ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya zaunar da su lafiya ya ba su zuriya ta gari. Ango ya hau ya buga kik, babur ya yi shiru. Ya waiwayo, ya ga amarya a tsaye ta naɗe hannu tana murmushi.

"Sai ka jira ta," in ji Baba. "Haka na yi ta jiran uwarta."