Hoton da Ya Jira Gaisuwar Malam Safiyanu

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Talata, Insifekta Bernice Ilisha ta buɗe kwanon dambunta ke nan a ofishin 'yan sanda na Ikara, sai Saje Mamuda ya leƙo.

"Madam, an sace injin ban ruwa a Unguwar Ɗorawa, can Kurmin Kogi. Na ƙungiyar manoman rani ne, shi kaɗai gare su."

"An fasa ɗaki?"

"Ba a fasa ba. Wai sun ma kama ɓarauniyar, mu je mu ɗauko kawai."

"Sun hutar da mu," in ji Insifekta. Ta rufe kwanon ta sa a jaka. "Tayar da mota."

Sun tarar da jama'a a ƙofar ɗakin ajiyar ƙungiya. Kwaɗo na nan lafiya lau. A ciki, inda injin yake zama, sai shatin ƙafafunsa da ɗigon baƙin mai. A bayan ɗakin akwai sawun babur da ya nufi gonakin rake, amma awaki sun riga sun tattake shi.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai farin gemu da ake kira Malam Safiyanu, ya tarbe su. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi maigida da yara, ya tambayi mutanen Ikara unguwa-unguwa. Da ya fara tambayar lafiyar motar, Insifekta ta ɗan rusuna.

"Duk lafiya, Baba. Wa ke riƙe makulli?"

Ya nuna wata budurwa da ke zaune a kan benci, takardu a cinyarta, tana karatu kamar ba ita ake kewaye da ita ba.

"Mukarrama. Sakatariyarmu."

"Ita ta ɗauka," wani ya faɗa daga cikin taron. "Kullum tana kan dutse tana latsa waya. Da me take sayen datar?"

Mukarrama ta ɗaga kai. "Da barkonon da nake nomawa, wanda ya fi naka."

Aka yi dariya. Insifekta ta kore mutane baya, ta zauna kusa da ita.

"Ina kike tsakanin goma da rabi da sha biyu?"

"Kan dutse, ranki ya daɗe. Ina jarrabawa."

"A kan dutse?"

"Karatun jami'a nake yi daga gida, ta intanet. Nan cikin gari sabis ja da ciki yake yi, can sama ya ɗan fi. Shekarata huɗu a kan dutsen nan. Ruwa ya dake ni, rana ta dake ni, sau ɗaya har kunama. Na bar injin a ɗaki goma da rabi, na dawo sha biyu babu shi, ni da bakina na yi shela. Gobe sha ɗaya zan rubuta takarda ta ƙarshe."

"Makullin fa?"

"Yana jakata."

"Kin hau da jakar?"

"E."

Insifekta ta dubi jakar, ƙatuwar jakar saƙa cike da littattafan ƙungiya, ta dubi dutsen da tsayinsa, sannan ta sake duban Mukarrama. 

Mukarrama ta ja tsaki a hankali. "To, ban hau da ita ba. Ranar jarrabawa a ƙusar bayan ƙofar gidanmu nake rataye ta, a zaure. Ban so a ce na yi sakaci ne."

"Wa ya san haka?"

"Malam, da Austin mai yi mana sayayya. Su suke zuwa karɓa in ba na nan."

Ta miƙa wayarta. Shafin jarrabawar ya nuna ta shiga sha ɗaya saura minti biyar, ta fita sha biyu saura biyar, ba yankewa ko ta minti ɗaya.

"Sa'a kika yi ba wanda ya kira ki," in ji Saje.

"Ba sa'a ba ce, Yallaɓai, barazana ce. A garin nan kira na shigowa data take mutuwa, sai an ajiye take farfaɗowa. Bara wata gwaggota ta kira ni tsakiyar jarrabawa don ta ji ko kazarta ta shigo gidanmu. Shafin ya rufe, na maimaita takardar. Tun ranar na bi gida-gida na ce duk wanda ya kira ni ranar jarrabawa, ni da shi sai a lahira."

Insifekta ta yi murmushi, amma ta gaya mata gaskiya. Waya tana iya zama a kan dutse a hannun wani. Kwamiti ya shigar da ƙara da sunanta, makulli kuma nata ne. In ba a sami wani ba, gobe ƙarfe goma dole ta bi su Ikara.

"Goma? Jarrabawata sha ɗaya."

"Na ji."

"To ku zo da ankwa mai doguwar igiya, don a kan dutse za ku same ni."

Daga nan Insifekta ta koma kan Malam Safiyanu.

"Baba, kai ina kake da hantsi?"

"A zaurena, 'yata. Kullum sha ɗaya nake leƙawa ɗakin ajiya, amma yau Austin ya kira ni daga kasuwar Makarfi, na tsaya. Yaron kirki, ya gaishe ni sosai."

"Minti nawa?"

"Kamar biyar."

Saje ya karɓi wayar dattijon ya duba. "Madam, ashirin da bakwai. Daga sha ɗaya da minti biyar zuwa sha ɗaya da talatin da biyu."

"To, ai sai da na tambayi mutanen Makarfi."

"Ka ji hayaniyar kasuwa a bayansa?"

Malam ya shafa gemu. "Gaskiya ni nake magana."

"Me ya kira ya ce?"

"Irin tumatir muka aike shi. Na ce kada ya saya sai ya tura hoton kwalin a guruf ɗin ƙungiya, don bara an cuce mu. Nan take ya ce ya tura. Ni dai sai da na ajiye waya na gani, amma haka wayata take."

Ana cikin haka Austin ya iso a kan babur, buhun iri a baya, sandar rake a hannu. Matashi ne mai fara'a. Ya sauka ya durƙusa har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, a hanya na ji labari. Kai, abin bai yi daɗi ba. Ni tun bakwai na safe ina Makarfi. Ga Baba nan shaida, ga hoto a guruf."

Ya nuna wayarsa tun ba a tambaye shi ba. Ga kwalin irin tumatir a kan tebur, rumfunan kasuwa a baya. A ƙasan hoton an rubuta sha ɗaya da minti goma sha biyu.

Insifekta ta nemi wayoyin wasu 'yan ƙungiya uku da ba su yi waya da kowa ba a lokacin. Ta tambaye su ɗaya-ɗaya yaushe hoton ya shigo. Ta sake komawa wayar Austin, ta danna hoton ta buɗe bayanansa. Hoton ya isa ga mutum na farko sha ɗaya da talatin da uku.

"Gobe da safe ka raka ni Makarfi," ta ce da shi. "Ina so ka nuna mini inda ka sayi irin nan. Ni ma ina da ɗan lambu."

"Ba damuwa, ranki ya daɗe. Har ragi zan sa a yi miki."

A mota Saje ya ce, "Madam, lambu kuma? Tukunyar fure ɗaya gare ki, ita ma ta bushe."

"Ka tuƙa, Saje."

Ƙarfe takwas na safiyar Laraba suna Makarfi. Austin ya kai su rumfar wata mata mai sayar da iri da maganin feshi, Hajiya Sabuwa. Sun same ta da abin ji a kunne, tana ciniki da wani daga Kudan, tana kuma ɗaukar hoton kwalabe tana tura masa.

"Ka gani? To ga wata. Wannan ce mai jan murfi." Ta ajiye kiran ta gaishe su.

"Hajiya, kina magana kina turawa, yana tafiya?" Insifekta ta tambaya.

"Sosai. Ga ƙarfen sabis nan a kanmu. Da ba ya yi da na rufe rumfa."

"Jiya ma?"

"Jiya kasuwa ta ci, tun safe kunnena bai huta ba. Ko sau ɗaya bai tsaya ba."

"Kin ga wannan jiya?"

"Austin? Ya zo da sassafe ya ɗauki hoton kwali ya ce yana zuwa. Sai wajen ƙarfe ɗaya ya dawo ya saya."

"Ina cikin kasuwa, Hajiya," in ji Austin da sauri. "Wajen masu rake."

"To, kasuwa da faɗi."

Insifekta ta ce, "Austin, a nan ka tsaya ka kira Baba?"

"Nan gefe kaɗan."

"Tsaya a wurin. Kira Saje da wayarka. Kada ka kashe. Yanzu ɗauki hoton takalmina ka tura guruf."

Ya yi dariya ya ɗauka. Kira na tafiya, hoton ya wuce kafin ya sauke hannu.

"Wayarka mai kyau ce," in ji ta. "Mu koma gida."

Goma saura kwata suka isa Unguwar Ɗorawa. Gari duk ya fito. Hoton takalmin ya riga su zuwa, ana ta muhawara a kan ma'anarsa. Mukarrama na tsaye a gindin dutse da takardunta da gorar ruwa, ta ɗaura ɗankwali tam.

Insifekta ta tsayar da Austin a ƙofar ɗakin ajiya.

"Kira Baba."

"Ga shi nan a gabana, ranki ya daɗe."

"Kira shi dai."

Wayar Malam Safiyanu ta yi ƙara. Ya ɗaga, yana kallon Austin ido da ido, ya ce, "Salamu alaikum. An tashi lafiya? Ya kwanan iyali?"

Jama'a suka fashe da dariya.

"Ci gaba, Baba, haka nake so. Austin, ɗauki hoton ɗaya takalmin ka tura."

Ya tura. 'Yar alamar agogo ta fito a ƙasan hoton ta zauna. Minti ɗaya. Minti biyu. Malam ya kai kan lafiyar awakin Austin. Agogon bai motsa ba.

"Ya isa, Baba. Kashe."

Yana kashewa, bayan ɗan jim, wayoyi suka fara ƙara ta ko'ina cikin taron.

Insifekta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A Makarfi wayar nan tana kira tana tura hoto lokaci ɗaya, mun gani da safen nan. A nan ba ta yi. Jiya Austin ya tura hoto sha ɗaya da minti goma sha biyu. Hoton ya tsaya minti ashirin da ɗaya, bai tafi ba sai da Baba ya gama gaisuwa. Hoton na Makarfi ne, na sassafe. Mai wayar kuwa yana nan garin." Ta juya gare shi. "Ka san Mukarrama na kan dutse. Ka san inda jakarta take. Mutum ɗaya ya rage da zai iya riskarka, shi ne Baba da yake leƙowa sha ɗaya. Sai ka kira shi ka ce ina kwana, ka sa wayar a kafaɗa, ka yi aikinka."

Austin ya dubi wayarsa kamar ita ta kai ƙararsa.

"Ina injin?"

"Cikin rakena," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Na rufe shi da ganye. Yayana ke da fadama a Kudan, na yi masa alkawari. Da na san Baba zai ce a tura hoto, da ban kira ba."

"Ka kuma bari a ɗaure yarinyar mutane?"

"Na ɗauka ita 'yar boko ce, za ta fitar da kanta da turanci."

"Da hausa ma na ishe ka," in ji Mukarrama.

Saje da maza biyu suka shiga gonar raken, suka fito da injin, ganye na maƙale a hannunsa. Saje ya sa wa Austin ankwa ya buɗe masa ƙofar mota. Mutumin da ya yi maganar kuɗin data jiya ya sulale bayan taro.

Malam Safiyanu ya matso wurin Mukarrama, idonsa ya yi rau-rau. "'Yata, mun zalunce ki. Ki tsaya in ba ki haƙuri yadda ya kamata."

Ta dubi agogon wayarta. Sha ɗaya saura minti ashirin.

"Na yafe, Baba. Sauran ka ajiye mini sai sha biyu, zan zo da tabarmata." Ta tattare zani ta fara hawa, ba ta waiwaya ba.

Dattijon ya bi ta da kallo har ta zauna a can sama ta baje takardunta. Sai ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Bari in ɗan kira ta in yi mata addu'ar sa'a."

Insifekta ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota. Ta dawo da sauri, ta rusuna, ta zare wayar daga hannunsa ta jefa a aljihun kakinta.

"Wannan ma tana tsare, Baba. Sai sha biyu za a ba da belinta."

Ta ce wa Saje ya wuce da Austin Ikara ya dawo ya ɗauke ta. Motar ta tashi. Ita kuwa ta zauna a bencin gindin dutse, ta buɗe jaka, ta sa ido a kan duk wanda hannunsa ya nufi aljihu.