Baƙo na Biyar a Kan Layi

Magariba ta kawo jiki. Umma ta ture keken ɗinkinta gefe, ta kakkaɓe guntayen zare daga zaninta, ta jingina wayarta da kwalbar man keke a kan tebur. Wannan sa'ar take jira tun safe. Wata huɗu ke nan da aka kai maigidanta wani asibiti mai nisa, bayan ciwon da ya shanye masa ɓarin jiki ya kuma ɗaure masa harshe. Ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa, shi ke jinyarsa. Ba a barin waya ta shiga ɗakin marasa lafiyar sai lokacin ziyara, sa'a ɗaya tak, wadda ta faɗo daidai faɗuwar rana a nan gida. Baffa ya riƙe masa wayar, ita ta yi ta zuba labari, shi ya yi ta kallonta. Likitoci sun ce maganarsa tana iya dawowa, Umma kuwa ta ƙudurta a ranta cewa duk ranar da za ta dawo, kunnenta ne zai fara ji.

Kiran ya shigo, fuskar maigidan ta bayyana, ramammiya a kan farin matashi. Ta gaishe shi, ta fara ba shi labarin wata mai kawo ɗinki da ta ƙara ƙiba ta ɗora wa tela laifi. Ba ta kai ƙarshe ba hoton ya daskare. Leɓensa ya tsaya a buɗe, idonsa ya kafe. Ta saba da wannan, sai ta jira. Amma a ƙarƙashin shirun ta ji numfashi, mai nauyi, a hankali, kuma ba daga cikin wayar kaɗai yake fitowa ba. Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangara. Wani ya biyo shi.

Gidan nasu a kwari yake, tsakanin dogayen gine-gine biyu, sabis ba ya shiga ko da mutum zai hau kujera. Da fari sai ta hau bakin titi ta tsaya gefen shagon mai walda tana ihu cikin waya, duk mai wucewa ya ji sirrin gidanta. 'Yarta Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a makaranta, ita ta matsa sai an ja musu layin intanet har cikin gida. Mutumin da kamfani ya turo, kowa Injiniya yake ce masa, shi ma ya yarda da sunan fiye da kowa. Ya yi musu huɗuba a tsaye: kebul shi kaɗai kwamfuta ɗaya zai ciyar, amma idan aka sa rauta, ita za ta raba wa waya da kwamfuta da talabijin ba tare da igiya ba, ta kuma kulle ƙofa da lambar sirri don kada maƙwabta su sha a banza. Sharaɗinta ɗaya ne, a ajiye ta a tsakiyar gida, a sama, nesa da firji. Ya zagaya yana duban bango har ya ga wata 'yar kanta da aka gina cikin bangon baranda, wadda maigidan bai taɓa yarda a ɗora ko allura a kanta ba. Umma ba ta san dalili ba, ta ɗauka cikin tsirfarsa ne. Ta ce a huda, Injiniya ya sa inji ya huda bangon kantar, ya zaro kebul ta ciki, ya ɗora rautar a kai.

Washegarin kiran nan da ya daskare, ta tsinci abin da ya faɗo a tsakar gida. Ba duwatsu ba ne, ɓaraguzan siminti ne masu fentin barandarta a jiki. Ta share su ba ta gaya wa Auta ba.

Haka aka yi kwana shida. Da rana intanet kamar ruwan famfo, Auta ta yi karatunta, talabijin ya yi ta surutu. Rana na yin ja sai komai ya tsaya, fitilar rautar ta koma ja, ɓaraguzai su fara sauka. Minti biyar take samu da mijinta, wani lokaci uku. A cikin 'yan mintocin nan ta lura ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo, inda kantar take, yana ta fama da leɓensa har miyau ya zubo, Baffa ya goge masa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta zaci ya fara manta fuskarta.

Injiniya ya dawo da jakarsa da ƙarfin gwiwarsa. Ya kashe rautar ya ƙirga talatin ya kunna. Ya bi kebul tun daga falwaya har bango yana lalube, bai ga inda ɓera ya ci ba. Ya kira kamfani, suka ce daga wajensu lafiya lau. Ya canja rautar da sabuwa fil a kwali. Daga nan ya buɗe kwamfutarsa ya duba jerin abubuwan da ke kan layin, ya tambayi Umma nawa suke da su a gidan. Ta lissafa masa wayarta, wayar Auta, kwamfutar Auta, da talabijin. Ya yi dariya ya ce ga ɓarawon nan, na biyar, ba shi da suna, wani maƙwabci ne ya samu lambar yake kwasar ganima da yamma. Ya sa ta rubuta sabuwar lamba a takarda, doguwa mai haruffa da alƙaluma, ba wanda ya furta ta. Ya shigar, ya yayyaga takardar, ya kashe na'urorin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Jerin ya zama wayam. Suna kallo, na biyar ya dawo shi kaɗai.

Injiniya ya daina dariya. Hasken tsakar gida ya riga ya fara dusashewa, kaji sun shige, unguwar ta yi tsit irin na gab da kiran salla. Sai suka ji murya daga baranda, kakkaura, ta tsoho, tana karanto lambar nan harafi bayan harafi ba kuskure. Umma ta leƙa. Auta ce tsaye a ƙarƙashin kantar, goshinta a jikin bango, hannayenta a sake, muryar kuma daga bakinta take fita. Injiniya ya tattara jakarsa ya ce wannan ba a koya musu ba, ya fita ya bar abin gwajinsa a kan kujera, bai kuma dawo ɗauka ba.

Kwana uku Auta ba ta ci ba, ba ta san uwarta ba. Da rana ta kwanta kamar kayan wanki, da yamma ta miƙe ta koma ƙarƙashin kantar. Umma ta so ta cire rautar ta jefar, amma duk sanda ta kai hannu sai ta tuna ita ce kaɗai hanyarta zuwa gadon asibitin nan, sai hannun ya dawo. Ba ta gaya wa Baffa komai ba, don kada labari ya kai kunnen marar lafiya. A rana ta huɗu wata maƙwabciya ta haɗa ta da wani malami mai ruƙiyya, dattijo siriri marar yawan magana, wanda ya iso bayan la'asar da carbinsa da gorar ruwa.

Bai tambayi komai ba sai da ya tsaya gaban kantar ya daɗe yana duban hudar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, Umma ta riƙe kan Auta a cinyarta, ya zauna ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Inuwar ginin maƙwabta ta rufe tsakar gida, ta hau bango. Jikin yarinyar ya yi sanyi, sannan ya yi nauyi har ƙafar Umma ta mutu. Can Auta ta buɗe ido, idon bai kalli kowa ba, muryar tsohon nan ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi jikin baiwar Allah. Muryar ta ce ba zuwa ya yi ba, tarar da shi aka yi. Yana cikin bangon nan da iyalinsa tun kafin a yi wa gidan rufi. Maigidan ya sani, sun yi shekara ashirin ba wanda ya taka wani, shi ya bar musu kantar, su suka bar masa gidan. Ranar da ƙarfe ya shigo yana juyawa, ya sami ƙaramin ɗansa yana barci. Tun daga ranar kuma aka ɗora musu wani abu mai ƙugi dare da rana, wanda ke ratsa bango yana ratsa su.

 Yanzu Umma ta gane abin da mijinta ke ta fama ya faɗa mata.

Malam ya ce ba da sani aka yi ba, kuma yarinya ba ta huda komai ba, zalunci ne a kama ta. Muryar ta ce ta sani, shi ya sa ba ran yarinyar take so ba, tashi za su yi su bar gidan, amma ba za su iya fita da mai rauni ba abin nan yana ƙugi. A kashe shi kwana arba'in. Malam ya ce bai yarda ba, ya ci gaba da karatu har Auta ta gantsare tana nishi. Aka dawo kwana bakwai. Ya ƙara karatu, gumi na ɗiga daga gemunsa. Daga ƙarshe muryar ta yi wata 'yar dariya da Umma ba ta so ba.

"To, magariba ɗaya. Ta yau. Daga yanzu zuwa isha. Wadda ta ce a huda ita za ta cire da hannunta, ta zauna ta riƙe 'yarta. Ba mai fita, ba mai shiga."

Umma ta ji sanyi a ranta, ta ga an yi mata sauƙi. Ta roƙi a bar ta ta tura wa Baffa saƙo layi ɗaya kawai. Muryar ta ce yanzu, ko a fasa. Malam bai yi murna ba, ya dubi yarinyar ya tambayi dalilin da ya sa sai ta yau, alhali aljani bai san gaibu ba.

"Ban san gaibu ba," in ji muryar. "Amma kullum ina kan layin. Idan ya yanke mata, ni bai yanke mini ba. Na ji abin da likita ya ce jiya."

Wayar da ke kan tebur ta fara ruri. Umma ta ga sunan Baffa a fuskarta daga inda take zaune. Ta dubi Malam, ya sunkuyar da kai ya ce mata wannan ba shi zai zaɓa mata ba. Ta dubi Auta, leɓunanta sun bushe sun tsage, jijiyar wuyanta na bugawa da ƙyar. Wayar ta yi ruri na uku, na huɗu. Umma ta zame kan yarinyar a hankali ta ajiye a tabarma, ta miƙe a kan ƙafar da ta mutu, ta kai hannu ta zare filogin. Fitilun suka mutu, rurin ya yanke a tsakiya.

Ba ta taɓa jin shiru irin wannan a gidanta ba. Malam ya yi sallarsa a gefe, ita ta yi tata a zaune da hannun Auta cikin nata. Daga cikin bango aka fara motsi, kamar ana jan buhu a kan siminti, ana tsayawa ana hutawa. Ƙura ta riƙa zubowa daga hudar siririya. Sau ɗaya ta ji wani abu mai kama da kukan jariri, aka yi saurin rarrashinsa. Ta yi ta kuka ba sauti, ita kanta ba ta san wa take yi wa ba. Da aka kira isha sai wata iska mai sanyi ta bi barandar ta fita ta ƙofa, labule ya ɗaga ya sauka. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta yi barci irin na mutane.

Malam ya shafa mata ruwa a fuska, ya ce sun tafi, a toshe hudar gobe a mayar da na'urar wani wuri. Ya yi sallama ya tafi.

Umma ta mayar da filogin. Fitilun suka yi ta ƙiftawa, ɗaya bayan ɗaya suka zama kore, ba ja ko ɗaya. Wayar ta hau rawa a kan tebur. Kira goma sha huɗu, da saƙon murya biyu. Ta buɗe na farko. Hayaniyar asibiti ce, da muryar Baffa yana cewa Yaya yi magana, ga shi ina ɗauka, za ta ji. Sai wata murya da ta yi wata huɗu ba ta ji ba, a karye, kowace kalma da ƙyar, ta kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi tun suna saurayi da budurwa.

"Ki ɗauka mana," ya ce. "Ina son in gan ki."

Saƙo na biyu an turo shi bayan minti ashirin. Daƙiƙa tara ne. Baffa ya fara da innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Umma ba ta bari ya kai ƙarshe ba ta kife wayar a cinyarta.

Tana nan zaune Auta ta motsa, ta buɗe ido, idonta na gaskiya, ta ce ƙishirwa take ji. Umma ta tashi ta ɗebo ruwa, ta tallafo kanta ta ba ta, ta sha har ya zubo mata a wuya. Yarinyar ta dubi duhun tsakar gida, ta dubi fitilun rautar, ta gane lokaci ya wuce.

"Umma, Abba ya kira?"

Umma ta goge mata wuya da gefen mayafinta.

"Ya kira," ta ce.