Ƙasar da Ke Cikin Katafila

Yammacin da abin ya fara, babu wani abin mamaki a gidan Mai Katafila. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan katanga, kaji suna kewaya akurki, matarsa tana kwashe shanya daga igiya. Shi kuwa yana tsugune a bakin famfo yana dirje baƙin mai daga hannuwansa da yashi da sabulu, yana faɗa kamar yadda ya saba. Mutum ne da bai iya buɗe baki ba sai da faɗa. Ko sannu ka yi masa sai ka ji kamar ka taka masa ƙafa. Mutum ɗaya ce ke sa ya sauke murya, 'yarsa Auta, budurwa mai yawan dariya, wadda kullum take tsayawa a kansa riƙe da tawul har ya gama wanke hannu.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki, ƙwal! Ya gangaro ya dire a gaban Auta. Noti ne, irin manyan nan na sarƙar katafila, kuma da zafinsa har yana turiri.

"Wane ɗan iska ne wannan?" in ji Mai Katafila. Ya sungumi sifana ya yi waje. Lungu babu kowa, ko kare. Yana tsaye yana zagin iyayen yaran unguwa, sai ya ji wani jifan a cikin gidansa, sannan wani, sannan wani. Da ya dawo ya tarar da tsakar gida cike da notuna da hogen baƙar ƙasa mai warin mai, matarsa ta rungume Auta a bakin ƙofa tana salati.

Katafilar tana nan a filin bayan gida, inda take hutawa in babu aiki. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Wani kamfani ne ya yar da ita a matsayin bola, shi ya saye ta ya tayar da ita da hannunsa. Irin ta da ce, wadda sai an tayar da ƙaramin injin fetur da igiya kafin ya murza babban, kuma da sandunan ƙarfe biyu ake juya ta, ba sitiyari. Ya san tarinta, ya san nishinta. Kullum da safe sai ya bi rololin da sarƙarta ke gudu a kai ɗaya bayan ɗaya ya ɗura musu giris, ya taɓa sarƙa ya ji ko ta saki. Da yamma ya sauke garmar gaba ta zauna a ƙasa, ya kife gwangwani a bakin salansa, wato bututun hayaƙinta, don kada ruwan sama ya shiga. Da ita yake tura motar ƙanensa Dogo, sikirefa, wato motar nan mai babban tumbi da ke kankarar ƙasa ta haɗiye, ta kai gaba ta amayar. Tumbin ba ya cika sai an tura motar daga baya, saboda haka abincin gida biyu a kan tsohuwar nan yake.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi mata ba tun da ya saye ta. Akwai farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin cikinta wanda ke kare inji daga duwatsu. Notunansa sun yi tsatsa sun kafe, sai ya ƙyale shi. Ƙasar kowane wurin aiki ta riƙa shiga tana taruwa a kai, mai yana ɗiga yana jiƙa ta, har ta zama kamar dutse. 'Yan kwanaki kafin jifan nan inji ya fara zafi, Dogo ya ce masa, "Yaya, ka sauke farantin nan ka share, wata rana wuta za ta tashi a ƙarƙashinka." Ya zagi Dogo tas, wai don me zai koya masa aiki, sannan washegari ya yi abin da ya ce. Ya yanke notunan, ya sauke farantin da jak, ya fasa ƙasar da diga. Da magariba ta kawo jiki, don ya gama da wuri, sai ya kwance ruwan lagireto yana tafasa ya kwarara a kan sauran ƙasar da ta kafe, ko bisimilla bai yi ba. Ƙasar kuma bai zubar ba. Ya ce baƙar ƙasa mai mai ta fi siminti, gara ba ta cin ta. Ya kwashe ta a baro ya cike kwarin da ruwa ke kwantawa a ƙofar ɗakin Auta, ya daddaɓe, yana alfahari da dabararsa.

Jifa bai tsaya ba. Kowace rana, da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai ya fara. Bayan jifan kuma sai wani sauti ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, a hankali, kamar inji yana aiki a tsaye, har kwanukan da ke kan kanta su riƙa kaɗawa. A cikin sautin akwai kukan jariri. Maƙwabta suka daina aiko yara. Matarsa ta ce a kira malami, ya daka mata tsawa ya ce shi da ya tumɓuke itatuwan da mutane ke tsoron wucewa ta gindinsu, ba za a mayar da shi abin dariya a gidansa ba. Ya hau kan rufi da tocila, ya zauna a kan katanga da gora, ya kusa fasa kan wani bawan Allah mai wucewa. Taurin kai irin nasa, wallahi sai dai a yi shiru.

Sai abin ya koma kan Auta. Dariyarta ce ta fara ɗaukewa. Ta daina cin abinci, jikinta ya yi zafi kamar murfin lagireto, numfashinta yana warin gas. Wata yamma ya gama wanke hannu ya miƙa don karɓar tawul, babu kowa a kansa. Ya waiga ya gan ta zaune a kan baƙar ƙasar nan, idanu a kafe, hannuwanta suna ja suna saki kamar mai juya katafila.

"Auta?" Muryarsa ta yi ƙasa.

Ta ɗago ta dube shi da wata irin ƙiyayya da bai taɓa gani a fuskar ɗan Adam ba. "Kai ne," ta ce, da muryar da ba tata ba, muryar mace babba mai kaushi. Sannan ta ƙwalla ƙara ta faɗi tana birgima. Shi da Dogo da matarsa suka taru suka kasa danne ta.

A daren nan matarsa ba ta nemi izininsa ba. Ta ce, "Baban Auta, ko ka yarda ko kada ka yarda, gobe malami zai shigo gidan nan. In yarinyar nan ta mutu, kai da ƙarfenka sai ku ci kanku."

Malam ya zo bayan la'asar. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, uwar ta riƙe kan Auta a cinyarta, Dogo ya riƙe ƙafafu. Ya fara karatu a hankali, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. Rana tana sauka, karatun yana ƙara nauyi. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Da inuwa ta rufe tabarmar, sai jikin Auta ya sandare, muryar nan ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni. Ƙunar da aka yi mini ba ta isa ba?"

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ni na zo gidansa? Tambaye shi! A baro ya kawo ni, ya daddaɓe ni da bayan shebur!"

Mai Katafila ya zabura. "Ƙarya kike, la'ananniya! Ni ban san ki ba!"

"Yi shiru," in ji Malam, bai ko dube shi ba.

Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Bai san ni ba. Ni kuwa na san shi. Ina zaune a cikin suri, ya zo ya baje shi. Na koma gindin wata bishiya, ya tumɓuke ta. Na koma bakin rafi, shi da ɗan'uwansa suka kankare wurin suka haɗiye. Duk inda na sa kaina sai na ji ƙarar sarƙarsa. Ban taɓa shi ba, ban taɓa nasa ba. Na duba duniya na ga wuri ɗaya ne garmarsa ba za ta taɓa kaiwa ba, bayanta. Sai na shiga cikin motar na zauna a ƙasar da ke kan farantin, don a cikinta akwai ƙasar duk gidajen da ya rushe mini. A nan na haihu. Shekara da shekaru yana hawa gangare da ita, ya taɓa kifewa? Sarƙa ta taɓa tsinkewa ta sare shi? Yana cewa iyawarsa ce!"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Sannan ya zo da diga," muryar ta ci gaba, tana rawa don fushi. "Na ɗauki ɗana zan fita, sai ruwan zafi. Ko sunan Allah bai ambata ba balle mu kauce. Fatar ɗana ta saɓule. Shi ya sa na kama 'yarsa. Ya ji yadda ake ji."

"An zalunce ki," in ji Malam, "amma yarinyar nan ba ta riƙe diga ba, ba ta zuba ruwa ba. Ki ji tsoron Allah ki fita. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu har ki ƙone ƙurmus."

"Ka ƙona ni, sai dai mu tafi tare da ita."

Uwar ta fashe da kuka. Malam ya ɗaga murya da karatu, Auta ta riƙa murɗewa, jini ya fara fita ta hancinta. Sai ya dakata. "Faɗi abin da kike so, in ba saɓo ba ne."

"A mayar mini da ƙasata inda aka ɗebo ta, a rufe farantin. Kuma kada a sake tayar da injin nan. Da muna son ɗuminsa, yanzu ɗana ba ya iya jure ko zafin rana."

"Har ya warke?"

"Ƙunarmu ba ta warkewa a tsawon ran ɗan Adam. Motar ko yarinyar. Ya zaɓa."

Malam ya juyo a karo na farko ya dubi Mai Katafila. "Ka ji."

Amsar da kowane uba zai bayar tun kafin a rufe baki, ita ce ta maƙale masa. Ba wai bai son 'yarsa ba. Amma a daidai lokacin aikin madatsar ruwa da za su fara ya faɗo masa a rai, da tumbin motar Dogo da ba zai cika ba, da shekarun da ya kwashe yana kwance a ƙarƙashin ƙarfen nan. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya waiga wajen katanga, inda salansa ke leƙowa da gwangwani a kanta. Shirun bai yi tsawo ba, amma kowa a tsakar gidan ya ji shi.

"Baban Auta!" matarsa ta yi ihu. "Tunani kake yi? Tunani?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Dogo. "Ni na yafe nawa rabon."

"Na yarda," ya ce. "A bar mata. Na yarda."

Kafin duhu ya rufe shi da Dogo sun farfasa daɓen ƙofar ɗakin Auta, sun kwashe baƙar ƙasar a baro har ƙwayar ƙarshe. Suka zuba ta a kan farantin, suka ɗaga shi da jak, suka ɗaure da sababbin notuna. Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta ce, "Mama, ruwa." A bayan katanga gwangwanin da ke kan salansa ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an taɓa shi da yatsa.

Tun daga ranar ba a sake jifa ba. Katafila ta zauna a filinta, garma a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikin sarƙarta. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo, ya kore su da zagi. Ya koma gyaran motocin mutane a bakin titi, yana faɗa da kowa fiye da da. Auta ta warke, ta yi ƙiba, har dariyarta ta dawo, amma da uwarta da baffanta Dogo take yi.

Wata yamma yana tsugune a bakin famfo yana dirje hannu, ta fito da tawul. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya miƙa hannu tun bai gama ɗauraya ba. Sai ta wuce shi ta rataye tawul ɗin a igiya.

"Auta," ya ce a hankali, "me na yi miki ne? Ba na bar ta saboda ke ba?"

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ka bar ta, Baba. Amma ranar nan ina ciki, bakina ne kawai ba nawa ba. Duk ina jin ku. Na ji lokacin da Malam ya tambaye ka." Ta gyara bakin tawul ɗin a kan igiya. "Kuma na ji lokacin da ka yi shiru."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ya daɗe a tsugune, famfo yana zuba a kan hannuwansa, ga bakin faɗa amma babu wanda zai yi da shi. Daga baya ya tashi ya je ya ɗauko tawul ɗin da kansa.